Ledar Ruwa a Cikin Riga

Shekara goma sha tara Baba Mai Tumaki ya yi yana kula da dabbobin ɗakin bincike, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa a zaune. Ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa takan ce da kujerun gidansu na magana, da sun rantse ba su san shi ba.

Aikin da sabuwar Likita ta zo da shi ba wuyar faɗi. A sa tunkiya barci, a zuƙe mata jini har bugun zuciyarta ya raunana, sannan a yi mata ƙarin ruwa, a ga wanne cikin ruwa iri biyu ya fi farfaɗo da zuciya. Shi nasa kawai ya ɗauko ledar ruwan daga ɗakin ajiya ya rataye.

To, Baba yana da wata ɗabi'a. Tun ranar da ya ga matarsa tana makyarkyata a gadon asibiti, ruwa mai sanyi na shiga jijiyarta, ya tsani leda mai sanyi. Idan tunkiya ta shiga ransa, sai ya cusa ledarta cikin riga, ya yi ta kai-komo har ta ɗauki ɗumin jikinsa. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa tausayi ba abin rubutawa a takarda ba ne.

Wata safiya Likita ta shigo baki har kunne, wai ruwa na biyu ya yi fice. Tana tattara takardu ta ce, "Ka san Baba, ko ɗumin ruwan ne ya bambanta, zuciya sai ta nuna. Shi ya sa muke ajiye su wuri ɗaya."

Kwana uku Baba yana share inda ya riga ya share, yana zuba wa tumaki ruwa a kan ruwa. Wannan sakamakon wata rana mutane za a duba da shi, masu kwance kamar yadda matarsa ta kwanta. Ran na huɗu ya tare ta a bakin garke ya amayar da komai.

Ta buɗe littafinta.

"Guda nawa, Baba?"

"Sha ɗaya, Likita. Mai Gemu, Kunne-Ɗaya, Uwar Rigima..." Ya lissafa su duka da sunayen da ya raɗa musu, ita kuma tana bin lambobinsu a littafi. Tara a cikinsu ruwa na biyu aka ba su.

Ya jira kora, bai samu ba. Ta rufe littafin ta ce, "Sai mun sake. Ka ware mini wasu sha ɗaya, masu lafiya."

Ya buɗe garken. Tumakin suka taho da gudu suna shinshinar rigarsa, don sun san shi. A cikinsu zai ware sha ɗayan da za a zuƙe wa jini. Baba ya nemi bokiti ya kife, ya zauna a kai.