Yatsan Firmin Dewulf

Kowace Asabar, kafin masu suyar dankali su kunna wuta, Firmin Dewulf ya riga ya kafa teburinsa a kasuwar tsofaffin kaya ta garinmu Aalst. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Sai ya shimfiɗa tsumman ulu, ya jera tsofaffin farantan ƙarfe masu zanen tallan lemo, irin na ratayewa a bango, ya zauna yana hararar sama. Matsoraci ne, kuma ba ya ɓoyewa. Ba ɓarawo yake tsoro ba, danshi yake tsoro. Hadari kaɗan ya taso sai ka ga tsoho jiki na rawa yana lulluɓe kaya, mu 'yan kasuwa kuwa muna ta yi masa dariya.

Aikinsa duba lafiyar faranti. In ka kawo masa, sai ya fara juya bayan, ya bi gefe da yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne, sannan ya ba da maki daga ɗaya zuwa goma. Tun da nake ban taɓa jin ya ce goma ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun bara idanunsa suke mutuwa, likita kuma ya ce babu gyara. Kullum da fargaba yake fitowa, kada ya ɓata wa wani kayansa.

Ana haka wata Asabar Griet Casteleyn, mai aiki a gidan burodi, ta zo da faranti naɗe a tawul. Na wani kamfanin lemo ne na garinmu da aka rufe tuntuni. Budurwar da aka zana a kai, riƙe da kwalba, mahaifiyarta ce tana 'yar shekara goma sha tara. Gobara ta cinye duk hotunan gidansu, fuskar marigayiyar a nan kaɗai ta rage. Ga tsatsa ta cinye gefe tana gangarowa wajen haɓa.

"Baba Firmin, jiya na fara gyara shi," in ji ta. "Soson ƙarfe na sa da ruwan sabulu. Ka ga nan har ya fara haske."

"Kin sa me? Wayyo ni! Ku matan garin nan ko dakalin ƙofa ba kwa bari ya huta, yanzu kuma uwarki za ki kankare?"

Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. A wani wuri sautin ya fito fanko. Ruwa ya shiga, fenti ya rabu da ƙarfe. Da ta ƙara guga ɗaya, da wurin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Amma ina ne wurin? Riga ce ko fuska? Ya kai farantin har bakin hancinsa, bai ga komai ba sai ja da fari sun cakuɗe. Zufa ta karyo masa cikin wannan sanyi. Ya san in ya yi shiru ya kama aiki, tsinken da yake cire tsatsa da shi zai iya faɗawa kan idon budurwar.

"'Yata," ya ce a hankali, "kama yatsana ki ɗora min a kan haɓarta."

Griet ta dube shi, ta dubi idanun. Sai ta gane, ta kama yatsan.

"Nan haɓa. Nan kumatu."

"To, fentin kumatun ne ya tashi. Kada ki yi ko tari."

Asabar uku suka yi a kai. Ya bar farantin ya bushe, ya riƙa tsince tsatsa da tsinke, ita tana ce masa tsaya, ko matsa hagu. A ƙarshe ya shafe shi da kakin zuma, ya hana ta rataye shi a kicin.

"Maki nawa, Baba?"

"Huɗu."

"Haba! Huɗu kacal?"

"Farantin na ba maki, sarkin guga, ba uwarki ba." Sannan ya ce, "Gaya min, tana murmushi har yanzu?"

"Tana yi," in ji Griet, tana share hawaye.

A ranar ya sanar da mu cewa ya daina fitowa.

Firmin, kai ne wanda muka mayar abin dariya saboda tsoron hadari, alhali tsoron nan ne ya tsare mana abin da kakanninmu suka bari. Ka gwammace kasuwa ta san idonka ya tafi, da ka yi wa fuskar baiwar Allah ƙwarzane ɗaya. Gaskiya ina jin tsoron Asabar mai zuwa, in wani ya zo da faranti a tawul ya tarar da wurinka babu kowa.

Mun gode, mai kunnen jin ciwon ƙarfe. Mu da muka rage, in an miƙo mana abin da ba shi da na biyu, mu ji tsoro irin naka, kuma in ba ma gani mu faɗa. Farantin yana nan a falon Griet, nesa da tururi. Kai ba ka taɓa ganin murmushin ba, amma jikokin marigayiyar suna gani.