Ranar da Na Juya Katina a Television

Shekarar da na koma Barnawa da zama, ba abin da ya fi damuna kamar yammacin Lahadi. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti, kuma tsallaka gada safe da yamma ya gajiyar da ni, shi ya sa na kama ɗaki da falo kusa da wurin aikin. 'Yan'uwana duk suna can ƙetaren kogi. Mahaifiyata ba ta so ba. Ranar da nake kwashe kaya ta ce, "Idan ka ji wani abu ya tashi, kada ka tsaya ɗaukar komai, ka taho gida." Na san abin da take nufi, kowa a Kaduna ya sani.

Ba abin da ya tashi. Kaɗaici ne kawai ya same ni. Maƙwabtana mutanen kirki ne, muna gaisawa, amma gaisuwar ba ta wuce bakin ƙofa. Ranar Lahadi sai su dawo daga coci su cika gidajensu da hayaniya, ni kuwa ina kwance ina kallon fanka.

Akwai wani wasa da nake marmari, wanda na koya lokacin bautar ƙasa. Mafiya ake ce masa. Mutane su zauna a da'ira, a raba musu kati a kife. Waɗanda suka samu jan kati su ne makasa, yawanci su biyu. Sauran kuma mutanen gari ne. Mai jan wasa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, makasan su buɗe nasu su nuna da yatsa wanda za su kashe. Sai a ce gari ya waye, a faɗi wanda ya mutu, a shiga gardama a kan wanda ya yi. Wanda zargi ya fi yawa a kansa a fitar da shi, ya nuna katinsa. Idan aka kama makasan, gari ya ci. Idan suka ƙarar da gari, su suka ci. Ba komai a cikinsa sai baki da ido. Amma yana son mutane da yawa, kuma irin mutanen da za su yi wa juna ƙarya ido da ido, su tashi suna dariya.

Na nema. Na gwada a gidanmu wata Sallah, ƙannena suka mayar da abin shirme, mahaifiyata ta ce wannan ai koyon ƙarya ne. Na yi wa masu buga dara a kusa da mai shayin layinmu bayani, suka saurare ni da ladabi suka ci gaba da dararsu. Na rubuta a guruf ɗin waya na unguwa ko akwai mai sha'awa. Mutum ɗaya ya tambaya ko caca ce. Wani ya rubuta cewa a wannan zamani duk wanda ke tara mutane da irin wannan suna, ya kamata 'yan sintiri su san da shi. Na goge saƙona.

Wata nas da muke aiki tare ce ta cece ni, 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata. Ta ji ina ba wani labarin abin da ya faru a guruf, ta yi dariya har da dafa bango.

"Malam, ai mu duk Lahadi muna yi a gidana," in ji ta. "Ka zo unguwar Television bayan azahar. Amma ka zo da bakinka, mutanena ba su da tausayi."

Gidanta na bayan kasuwa, tsakar gida ce mai bishiyar mangwaro da kujerun roba. Mutanen cocinsu ne da maƙwabta: wata malamar firamare, wata mai shagon atamfa a kasuwa, ma'aikatan gwamnati, da wasu ma'aurata 'yan Binuwai. Ni kaɗai ne Musulmi. Sista ta dafa gwaten acca, aka zuba min kafin a tambaye ni ko ina ci. Da la'asar ta yi ta nuna min wurin sallah a falonta, mako na gaba kuwa na tarar ta sayi buta. A wannan ranar ta farko na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Abu ɗaya ne. Kusan kullum ni ake fara fitarwa. Da gari ya waye, mai atamfa za ta nuna ni tana dariya ta ce, "Ni dai Malam ban yarda da shi ba." Sai a biyo ta. In juya katina, baƙi ne, a yi ihu a ce an yi asarar mutumin kirki. Da farko na ce don ni baƙo ne. Daga baya wasu baƙin suka zo, ba a canja ba. Sista ta ce fuskata ce, wai ba na saurin murmushi. Ina dariya tare da su, amma idan na hau keke zan koma Barnawa abin yakan zauna min a ƙirji, in yi ta tambayar kaina ko fuskar ce, ko hular da ke kanta.

Wanda na fi shaƙuwa da shi wani dattijo ne da ake ce wa Baban Biyu, saboda tagwayensa. Daga kudancin jiha yake. Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, yanzu yana gyaran janareta a Makera. Murya gare shi kamar yana magana a kan ƙarar inji, kuma bai iya ƙarya ba ko kaɗan. Da ya samu jan kati sai ya fara sosa wuya, kowa ya gane, a fitar da shi yana rantsuwa yana dariya. Shi kaɗai ne ba ya ɗaga hannu idan ana ƙuri'ar fitar da ni.

Cikin damina aka kai hari ƙauyensu. Ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe, a gona aka same shi. Ban tambayi ko su wa suka yi ba, shi ma bai faɗa min ba. Amma a guruf-guruf na waya an faɗa, da kalmomin da suka haɗa har da irina. Na bi Sista zuwa Makera yi masa ta'aziyya. Da na yi sallama duk mutanen falon suka juyo suna kallona. Baban Biyu ya tashi da kansa, ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, bai saki hannun ba har muka tashi.

Ya yi makonni bai zo wasa ba. Ranar da ya dawo ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Sista, wadda ita ke jan wasa, ta dube shi da katin a hannu.

"Baban Biyu, ko yau mu ce an kori mutum daga gari, maimakon waccan kalmar?"

"Abeg, don Allah ku yi yadda kuka saba," in ji shi. "Wasa na zo."

Aka raba kati. Na ɗaga gefen nawa, ja ne. Da aka ce makasa su buɗe ido, na ga malamar firamare ce abokiyar aikina. Muka nuna ɗaya daga cikin ma'aikatan gwamnati. Gari ya waye, mai atamfa ta nuna ni kamar kullum, sai dai wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Malam ne."

Kafin in buɗe baki Baban Biyu ya riga ni.

"Kullum Malam, kullum Malam. Me kika gani?"

"Na ji kujerarsa ta motsa."

"Kujerar kowa tana motsi, roba ce. Ku faɗi gaskiya, tun ranar da mutumin nan ya shigo gidan nan kuke nuna shi. Ya zo gidana lokacin da wasu da muke coci ɗaya ba su zo ba. Idan kuna son fitar da shi, ku fara da ni."

Ba wanda ya saba ganinsa haka. Hannaye suka sauka, aka fitar da matar ɗan Binuwai, ta juya baƙin kati. A dare na biyu malamar ta nuna Baban Biyu, na girgiza kai. Ta ɗaga gira, ta nuna wani, na yarda.

Da gari ya sake wayewa, mutum biyu suka bi bayan mai atamfa wajen zargina. Baban Biyu ya miƙe tsaye. Ba a miƙewa a wasan nan, amma ba wanda ya hana shi.

"Na gaji," ya ce. "Na gaji da a kalli mutum a ce shi ne. A ƙauye na ji, a mota na ji, a shago na ji. Ba zan zo nan ma in ji ba. Ni na san mutumin nan. Na sa wuyana, ba shi ba ne."

Ya dafa kafaɗata. Na ji nauyin hannun, na ga idonsa ya kawo ruwa. Abin da wasa ke so shi ne in yi masa godiya in nuna wani. Na iya, na sha yi. Amma na hango ƙarshen zagayen, lokacin da zan juya jan kati a gabansa bayan na bar shi ya gama wannan maganar. Sai na miƙa hannu na juya shi a kan tebur.

Can mai atamfa ta ce a hankali, "Ai na faɗa."

"Ke, yi shiru," in ji Sista.

Baban Biyu ya kalli katin, ya kalle ni. Na zaci ciwon da zan gani a fuskarsa na wanda aka yaudara ne. Fushi na gani.

"Wa ya ce ka buɗe?"

"Baba, na kasa ne."

"Ka kasa me? Tausayina ka ji?" Ya janye hannunsa. "Tun da aka binne ƙanen nan nawa kowa lallaɓa ni yake. A coci, a shago, har matata ba ta musu da ni. Nan kaɗai na ce bari in zo a yi min ƙarya kamar kowa, a cuce ni, in zagi mutum in yi dariya. Kai ma ka hana ni."

Ya ɗauki ledarsa ya fita. Sista ta bi shi har ƙofa, ta dawo ita kaɗai. Ba a ƙarasa zagayen ba.

Bai sake zuwa ba. Ni na ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, amma wasan ya canja. Ba wanda ya ƙara nuna ni. Mai atamfa ta riƙa gaishe ni da girmamawa, ta daina kallon ɓangarena idan ana gardama. Wata rana na samu jan kati, na yi ganganci da gangan, na yi maganar da ko yaro zai kama ni. Suka kalli juna suka fitar da wani. Na ci wannan zagayen, na ci na gaba. A da ina komawa gida da ciwon ana zargina. Yanzu ba a zargina ko kaɗan, kuma wannan ya fi ciwo, don na gane ba wasa suke yi da ni ba, kiyaye ni suke yi. Na fara ba Sista uzuri, ita ma ba ta matsa ba. Daga baya ta samu aiki a Jos ta tafi, aka mayar da zaman gidan malamar. An gayyace ni, ban je ba.

Bayan damina ta wuce na je Makera na nemi shagonsa. Na same shi a tsugune gaban wani janareta da ya kwance, hannu duk baƙin mai. Ya miƙo min gwiwar hannu muka gaisa, ya jawo min benci. Muka yi maganar tagwaye, da tsadar fetur, da matar ƙanensa da ya ɗauko da 'ya'yanta suka dawo gidansa. Shi ya fara tayar da zancen.

"Da ka bari ka cinye ni ranar nan, da na zage ka tas, da mun wuce wurin."

"Baba, tsakaninka da Allah," na ce. "Da na yi shiru har ƙarshe, ka gama sa wuyanka, sannan ka ga jan katin a hannuna, ba abin da zai zo maka a rai?"

Ya ɗauki tsumma ya yi ta goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai keke ya leƙo yana tambayar ko an gama nasa, ya ce masa gobe, bai ko ɗago ba.

"Ban sani ba, Malam," ya ce. "Na yi ta tunani. Wani lokaci in ce da dariya zan yi. Wani lokaci in ce gara da ka buɗe. Ban sani ba."

Na tambaye shi ko zai koma wasan. Ya ce yanzu Lahadi ma yana buɗe shago bayan coci, bakuna sun ƙaru a gida. Ya tambaye ni ko ni ina zuwa, na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa sifana da ke kusa da ƙafata. Na miƙa masa, na zauna ina kallonsa yana ɗaure injin.

Har yanzu muna gaisawa a waya, shi ya kira ni da Sallah, ni in kira shi da Kirsimeti. Kwanakin baya na ji wasu matasa suna haɗuwa a wani lambun shaƙatawa a nan Barnawa suna wasan, Musulmi da Kirista a haɗe, ba wanda ya san ni a cikinsu. Na je ranar wata Asabar. Suka matsa min kujera, mai jan wasan ta miƙo min kati. Na ce ta raba ban da ni, yau kallo zan yi. Na zauna har suka yi zagaye da yawa, sannan na yi musu sallama na taka zuwa gida.