Kaɗanyar Kaka

Har in koma ga Mahaliccina, daminar da kakata ta daina cin abinci ba za ta fita daga raina ba. Lokacin Turawa ba su shigo ƙasar nan ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ni kuwa saurayi ne mai ji da kansa.

Zazzaɓi ya sake ta, amma ya tafi da ganinta. Tun daga nan ta juya wa bango fuska, ko kunu ba ta karɓa. Kwana shida muna kallon ta tana ƙarewa.

Da na tuna yadda take son kaɗanya, sai na sari gora na nufi gonarmu ta bakin rafi. Tsintar kaɗanya aikin mata ne, ban san ba a kaɗo ta ba, jira ake ta faɗo da kanta. Na yi ta dukan itacen har na cika kwando, na kawo ina taƙama.

Ta lalubi ɗaya ta gatsa, ta tofar.

"Maigidana, kashe ni za ka yi ka auri yarinya? Ɗanya ce! Kuma ta bakin rafi ce, wadda ko awaki sai sun rasa."

Maganarta ta farko ke nan a kwana shida. Mahaifiyata ta yi dariya har da hawaye.

Labarin shirmena ya zaga ƙauye. Washegari matan maƙwabta suka yi ta sallama, kowace da 'yar ƙwaryarta ta nunannu daga gonarsu, wai Kaka ta faɗi ta wa ta fi. Ta tashi zaune! Doguwar nan mai siririn baki ta gonar maƙera ce, in ji ta, ga zaƙi amma ƙwallo ya cinye ta. Mai santsin ɓawo ta gindin dutse ce, tsokarta kamar man shanu. Ana musu, ana shewa, tana cewa, "Miƙo wata in tabbatar." Na ga ƙwallaye sun taru a gabanta, daɗi ya kama ni. Da la'asar ita da kanta ta nemi tuwo.

Ta ƙara damina tara a duniya, kowace shekara ita ke raba gardamar kaɗanya. Yau da na tsufa na gane: mun yi kwana shida muna ba ta, ba wanda ya nemi komai a wurinta. Tsoho ba ya rayuwa da abin da aka miƙa masa kaɗai, sai ya ji har yanzu ana bukatarsa.