Taure da Sabuwar Tukunya

Mu Kiristocin Azare, a shekarun da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama, ba mu cika zaure ɗaya ba. Na san haka domin a zaure ɗaya muke taruwa ran Lahadi, na wani akawu mutumin kudu, kuma kullum akwai sauran wurin da kajinsa za su shigo su ji wa'azi. Maigidana kafinta ne, aikin ƙofofi da akwatuna ya kawo shi garin. Ni kuma ya ɗauko ni daga ƙasarmu ta duwatsu, can kudu da Bauchi, ina amarya, Hausata ma ba ta gama nuna ba.

Zana ce kawai ta raba gidanmu da na Malam, wani dattijo mai sayar da hatsi, da matarsa Inna. Inna mutuniyar Katagum ce. In ranta ya ɓaci da Fillanci take faɗa, in ya huce ta dawo Hausa. Da na zo haihuwar fari uwata tana nesa, sai Inna ta ɗaga zana ta shigo ba wanda ya kira ta. Ita ta yanke cibi, ita ta yi mini wankan jego, tana tsula mini ruwan zafi da ganyen runhu, ina ihu tana ce mini raguwa. Ita ta ɗura mini kunun kanwa har na yi kumatu. Ita ce kuma ta koya mini miyar kuka, ko da yake har ta bar duniya ba ta yarda na iya ba. Duk abin da na dafa na kai mata, sai ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa. A shekarun da gishirin ma sai an sha wuya ake samunsa ke nan fa.

Kwano ba ya hutawa tsakanin gidajen nan biyu. Da Babbar Sallah Inna takan aiko mana da naman layya, da Kirsimeti mu ma mu aika. Sai dai akwai wata ƙa'ida da kowa ya sani ba tare da an faɗa ba: maƙwabtanmu ba sa cin yankan da ba Musulmi ne ya yi ba. Saboda haka Kiristan da yake son a ci namansa, sai ya kira Musulmi ya sa wuƙa. Mu Malam ke yi mana. Ya zo da wuƙarsa, ya yanka, ya wanke hannu, ya ce Allah ya maimaita mana, a bi shi da wuyan dabbar. Haka muke yi lami lafiya, har shekarar da Kawu ya zo.

Kawu wan uwar maigidana ne, tsohon mai bishara. Ƙafa ta gaza masa, matarsa ta rasu, ya zo mana da sandarsa da tabarmarsa wai zai yi 'yan kwanaki. A gidanmu ya ƙarasa tsufansa har Allah ya yi masa rasuwa. Dogo ne, siriri, kuma bai taɓa shiga wuri ya rasa abin gyarawa ba. Kalma ɗaya ce a bakinsa: tsarki. Mu mutane ne da aka keɓe wa Allah, in ji shi, dole a ga bambanci. Ranar da ya iso ya gano goro a aljihun maigida. Kashegari ya ce 'yan kunnena sun yi tsawo. Ran Lahadi ba a daka, ba a jan ruwa a rijiya, ba a dariya da ƙarfi. Addu'arsa ta cin abinci kuwa, kafin ya kai amin tuwo ya yi ɓawo. Maigidana ya taɓa ce mini a ɓoye, tun zuwan Kawu bai ƙara ƙona harshe ba.

Kada wani ya ji haka ya zaci ba na ƙaunarsa. Ina ƙaunarsa ƙwarai. Tun yana saurayi ya ƙi cin naman da aka yanka wa tsafin gidansu, ubansa ya kore shi, ya fito da rigar jikinsa kaɗai, bai sake kwana a garinsu ba. Nama a wurinsa ba abin wasa ba ne. Amma sanin haka bai hana ni jin kamar in yi tsalle ba duk lokacin da ya yi gyaran murya.

A shekarar nan Sallah da Kirsimeti kusa da juna suka zo. Ranar layya da yamma kwanon Inna ya tsallako zana, da hanta da tsoka a soye, ƙanshi ya cika gida. Kawu ya leƙa, ya ja da baya.

"Amarya," ya ce, don haka yake kirana ko da ina goye da ɗa, "wannan yankan ibadarsu ne. Ni ba zan ci ba, kada kuma ya shiga tukunyar da ake dafa mini."

Na durƙusa na ce to. Ban mai da kwano ba. Ni da maigida muka shige madafa muka cinye shi a tsaye, muna tauna a hankali kamar ɓarayi. Da aka zo addu'ar yamma, maigida ya fi kowa ɗaga murya wajen amin, leɓɓansa suna ƙyalli. Abin da na manta shi ne zana ba ta tare magana. Duk abin da Kawu ya faɗa, Inna ta ji.

Bayan 'yan kwanaki muka sayo tauren Kirsimeti, baƙi mai farin goshi, aka ɗaure shi a gindin tsamiya. Kawu ya zagaye shi, ya taɓa bayansa, ya yaba. Maigida ya ce ai Malam ma zai yaba in ya zo yanka.

"Wane Malam?" in ji Kawu.

Aka yi masa bayani. Sai Kawu ya ce:

"Bikin haihuwar Almasihu ne, a gidan masu bi, sannan a rasa mai sa wuƙa sai an yi aro? Ni zan yanka, da addu'a."

In Kawu ya yanka, Inna ba za ta ci ba. In kuwa Kirsimeti ya wuce kwanona bai tsallaka zana ba, ni da na cinye hantar layyarta, da wane ido zan dube ta? Na san halinta, ba za ta ce uffan ba. Za ta ci gaba da amsa gaisuwata, ta tambayi yaro, amma zanar nan ba za ta ƙara ɗaguwa kamar da ba. Ni kuwa a duk faɗin Azare ba ni da wata uwa sai ita.

Maigidana mutum ne mai son zaman lafiya, irin wanda in ka taka shi zai ba ka haƙuri. Na ce ya yi wa kawunsa magana, ya ce zai yi gobe. Goben ta yi ta haihuwar wasu goben. Da na matsa masa, sai ya kawo dabara.

"Ki kai mata kawai. Ai ba za ta tambayi wanda ya yanka ba."

"Don ta yarda da ni shi ya sa ba za ta tambaya ba," na ce. "Kana so in ci amanarta da kwanona?"

Ya sosa ƙeya ya koma wajen katakonsa.

Ana cikin haka sanyi ya kama Kawu. Tari, zazzaɓi, bakinsa ya ƙi karɓar kome. Na dama kunu ya kau da kai, na yi tuwo mai laushi ya ce ɗaci. Mutumin da dama ba shi da tsoka ya koma kamar sandarsa. Ko gyara mana zama ya daina yi, a nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Wata safiya Inna ta kira ni ta zana, ta miƙo mini ƙaramar ƙwarya a rufe da faifai. Romon busasshen kifi ne, irin wanda danginta suke aiko mata daga Katagum, ya sha citta da kanumfari. Na kai wa Kawu. Na ga hancinsa ya motsa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Amma Kawu Kawu ne ko a bakin kabari.

"Daga ina?"

"Daga wurin Inna. Kifi ne, Kawu, ba a yanka kifi."

"A wace tukunya aka dafa? Tukwanensu duk sun sha kitsen layya. Je ki tambayo."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A kawo maka alheri ka aika a binciko tukunya! Na zaga ta ƙofa ina jan ƙafa, na yi sallama, na durƙusa, na hau gaisuwa ba ƙarewa. Na tambayi Malam, na tambayi sanyi, na tambayi mutanen Katagum, na dawo kan sanyi.

"Ke 'yar nan, kin gaishe ni har na gaji," in ji Inna. "Tukunya aka aiko ki gani, ko? Ga ta can."

A gefen murhu, ware da sauran, ga wata 'yar tukunya sabuwa fil, jar ƙasarta ma ba ta gama baƙi ba. Da sabon ludayi a kife a kanta. Jiya ta je kasuwa ta sayo su.

"Na ji abin da ya faɗa ran Sallah," ta ce. "Raina ya ɓaci, ban ɓoye miki ba, na zage shi da Fillanci har na ƙoshi. Amma tsohon nan don Allahnsa ya ƙi, ba don raini ba. To ni zan zo in yi masa wayo yana kwance? Ɗauki ki kai masa ya gani da idonsa. Ki dawo mini da ita, gobe ma zan dafa."

Na rungumo tukunya na kai gaban Kawu, na faɗa masa yadda muka yi, har zagin ban rage ba. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya leƙa ciki, ya shafa gindinta. Ya yi addu'a, mafi gajarta da na taɓa ji a bakinsa, ya shanye romon da zafinsa. Kullum ƙwaryar nan sai ta tsallako, har ya miƙe. Na tabbata ya warke ranar da ya ce ɗankwalina ya zame baya da yawa.

Maganar taure kuwa ba wanda ya tayar. Jajiberen Kirsimeti na ga Kawu zaune yana wasa wuƙa a kan dutse, ƙarar tana shiga mini har ƙashi. Na shiga ɗaki na yi kukana na share.

Gari ya waye, na fito zan hura wuta, ba taure a gindin tsamiya, ba Kawu. Sai na jiyo sallamarsa a ƙofar Malam. Ba na laɓe, amma ranar na manna kunne a zana, na tarar Inna ma ta manna nata daga can ɓangaren, muna jin numfashin juna.

Suka gaisa, gaisuwar dattawa mai tsawo. Kawu ya yi gyaran murya.

"Malam, hannuna ne tun da na yi ciwon nan..." Ya tsaya. Kawu bai iya ƙarya ba, ko ƙarama. "A'a. Hannuna lafiya lau. So nake matarka ta ci naman nan. Ga wuƙa na wasa."

Malam ya ce, "To, madalla. Ka riƙe mini ƙafafun."

Na leƙa ta hudar zana. Ga tsofaffi biyu a tsugune a kan taure ɗaya, Malam ya fuskantar da shi gabas, Kawu ya danne ƙafafu, leɓɓan kowannensu suna motsi. Abin da Kawu ya faɗa wa Ubangiji a lokacin ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da ya dawo, maigida ya tarbe shi yana ƙunshe dariya. Kawu ya nuna shi da sanda.

"Kada ka ga kamar na canza. Naman layya har gobe ba na ci. Goron nan kuma da ka koma ɓoyewa cikin akwatin kayan aiki, na gani."

Bai kuwa ci ba har ya mutu. Kowace Sallah kwano biyu Inna take aikowa, namu na nama, nasa na kifi daga 'yar tukunyar nan. Yanzu da na tsufa, in matasa suka tambaye ni a taron mata mene ne zaman tsarki, nakan so in ba su amsa mai nauyi irin ta Kawu. Amma da na buɗe baki sai tukunya da taure su fito, su kuwa su yi ta kallona suna tsammanin tsufa ne.

Ranar Kirsimetin nan dai na dafa naman tauren da dukan iyawata. Na auna gishiri da tsoron Allah, na ɗanɗana, na ba maigida ya ɗanɗana. Na zaɓi tsoka mai laushi saboda haƙoran Inna, na ƙi miƙawa ta zana, na ɗauka da kaina na zaga ta ƙofa. Inna ba ta cin abu a gaban mutane, takan ajiye sai an tafi. Amma ranar ta buɗe kwano nan take, ta ɗauki yanka guda ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa, ina durƙushe ina jira.

"'Yar nan," ta ce, "gishiri ya yi yawa."

Ta sake miƙa hannu ta ɗauki wani. Ni kuwa na kifa kaina a cinyarta na fashe da kuka, tana ci tana ce mini raguwa.