Malam Badaru da Haƙorin Makka

Shekara talatin da ɗaya Malam Badaru yana hawa babur daga gidansa a nan Makoda da sassafe, ya buɗe ɗakin ɗaukar hoton ƙashi na asibitinmu, ya share na'ura kafin ya gaisa da kowa. Mutum ne mai naci har ya ba ka haushi. Wannan nacin nake yi wa jinjina yau da zai ajiye aiki.

Ku tambayi Hajiya Falta mai man gyaɗa. A Makka aka yi mata dashen haƙori, aka kafa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙinta. Malam Badaru ya ɗora mata dokar zuwa hoto duk bayan kaka. Ta zo sau uku, a shekara ta huɗu shiru.

Da wani ma'aikacin ne, da ya ce ruwanta. Shi kuwa ya bi ta har gida, ya yi sallama da maigidanta Alhaji Madu. Da ta fito sai ya ga halin da take ciki. Kumatu ya kumbura har wuya, jiki zafi rau, bakin da ƙyar yake buɗuwa, sai ƙamshin kanumfari.

"Malam, haƙorin Makka ba ya ruɓewa," in ji ta.

"Gaskiyarki, Hajiya. Amma ƙashin da ke riƙe da shi na Makoda ne."

Ta ce ba mai taɓa mata tsarabar Hajji. Da ƙyar Alhaji ya shawo kanta aka ɗauki hoto. Malam Badaru ya zaro tsofaffin ukun da ya adana, ya jera su da sabon a jikin taga. A na farko ƙashi ya rungume ƙarfen tsaf. A na huɗu baƙin rami ya zagaye shi.

Ta daɗe tana kallo. "A kira mota," ta ce.

Likitan Kano ya ce da an ƙara kwana biyu, kumburin zai toshe mata numfashi.

Malam Badaru, kai ne mai ganin abin da nama ya rufe. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje shi, ku adana hotunan mutane, ku nemi wanda bai dawo ba.

Hajiya Falta tana nan tana sayar da manta, da giɓi a baki. Haƙorin yana cikin adaka.