Kawu Amma da jar tutar mai duba layi

Kafin jirgin safe ya tashi, Kawu ya riga ya zaga tasha. Zai leƙa garejin gyara, ya tsaya wurin masu juya layi, ya sha shayin da bai saya ba, yana sauraron koke. Makaniken birki ne, kuma wakilinmu a ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa tun gashinsa na baƙi. Muna kiransa Kawu Amma, domin duk bayanin da manaja ya kawo sai ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji, amma." Matarsa ta ce ko a gida haka take fama.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ni direban jirgi ne, ban iya yabo ba, sai dai in faɗi abin da aka gani.

Akwai wani mai duba layi, mutum mai iyali, wanda aikinsa bin layin dogo a ƙafa yana neman matsala. Wata rana ya hango tsaga a jikin ƙarfe ga jirgin fasinja na tafe, ya ɗaga jar tuta. Jirgi ya ci birki, kaya suka zube, mutane suka yini a daji. Da injiniyoyi suka zo, ashe zanen baƙin mai ne ya bushe. Aka kira mai duba layin gaban kwamitin ladabtarwa, kowa ya san kora ce. Mu kanmu mun yi masa dariya, har da masu cewa ya je ya sayi tabarau.

Kawu bai taɓa barin ɗan ƙungiya ya shiga ɗakin nan shi kaɗai ba. Ya zauna kusa da shi, ya bar manaja ya gama lissafa asara. Waɗanda ke wurin sun ce bai musa komai ba, bai ma ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, na ji, kuskure ya yi," in ji Kawu. "Amma in ka kore shi, gobe wani zai ga tsaga ta gaske, ya tsaya yana tunanin abincin 'ya'yansa har jirgi ya wuce."

Ba a ranar aka gama ba. An yi ta zama ana tashi baram-baram, wasunmu ma suka ce Kawu ya bar wannan ya fuskanci maganar ƙarin albashi. Ya ƙi. Daga ƙarshe mutumin ya koma bakin aikinsa, aka kuma sa a yarjejeniya cewa ba za a hukunta wanda ya tsayar da jirgi da kyakkyawar niyya ba.

Kawu, kai ne bangon marasa baki. Ka rasa ƙarin girma saboda mu, ba ka taɓa yi mana gori ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin fanshonka.

Ku kuma matasa, kujerar wakili ba ta hutawa ba ce, wani ya fito ya koyi zama kusa da wanda kowa ya gudu ya bari. Ni dai kullum ina jan ɗaruruwan rayuka a bayana da natsuwa, domin na san duk wanda ya ga abin tsoro a kan dogo zai tsayar da ni ba tare da tsoron kora ba.