Sabon Ludayin Mode

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Bodinga zamanin Jamhuriya ta Biyu ya san Ɗantani na Dingyadi, in bai san sunansa ba to ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, in yana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa yake yi. Bai yi boko ba, bai riƙe sarautar kowa ba. Fadama ya gada wurin mahaifinsa, ya riƙe ta da kyau har yana ɗaukar 'yan ƙwadago duk rani.

Shekarun kuwa sun zo da tsauri. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, takin zamani ya zama sai wane da wane, sabulu ma sai an bi layi. Amma ma'aikata ba sa gudun gonar Ɗantani, saboda furarsa. Rana na take tsaka matarsa Atika za ta aiko da ƙatuwar ƙwarya, a kewaye ta a gindin tsamiya, ludayi ɗaya na yawo daga hannu zuwa hannu, maigida na tsakiyarsu. Abin alfaharinsa ke nan a duniya, inda ya sa baki nan baransa zai sa.

Cikin ma'aikatan babu kamar Mode, mutumin Dandin Mahe ta ƙasar Shagari, dogo marar magana, wanda ke ja masa jigo yana ban ruwa tun suna samari. Ɗantani ya yi ta surutu, Mode ya yi ta gyaɗa kai, a haka suka yi furfura tare.

Sai ga annobar amai da gudawa ta shigo ƙauyuka da bazara, cikin waɗanda ta fara kayarwa har da Mode. Aka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Ana cikin haka duba-gari, wani matashi mai suna Zubairu, ya tsaya da babur a ƙofar gidan Ɗantani, ya zo da sabuwar doka ga masu ɗaukar ma'aikata.

"Baba, abu biyu na," in ji shi. "Na hwarko, ma'aikacin da ciwon ga yak kama ba a korar shi, a aje mai aikinai har shi warke."

"Kora?" Ɗantani ya daka tsawa. "Ni in kori Mode? Yaro, tun ba a haihe ka ba muke tare!"

Yana wannan bambami Zubairu ya faɗi ta biyun: a tafasa ruwa, kuma a daina haɗa abin sha, kowa da nasa. Rabin maganar ne ya shiga kunnen Ɗantani. Abin da ya ɗauka shi ne wanda ya yi ciwo a ba shi abin shansa daban.

Dokar farko dai ya cika ta har da ƙari. Maƙwabta suka ce ya ɗauki wani mai jigo kafin albasa ta bushe, ya ƙi. Shi ya kama jigon da kansa, yana ja yana tsine wa ƙugunsa, ruwan da ke zuba a kan wandonsa ya fi wanda ke isa ga albasa.

Ranar da Mode ya dawo, a rame amma da ƙafafunsa, Ɗantani ya riga ya sayo ludayi sabo ful a Bodinga, mai zane a mariƙi, wanda ya fi kowanne kyau a rumfar mai ludaya. Da aka zauna shan fura ya zaro shi daga aljihu, fuskarsa cike da murna.

"Wanga naka na, kai kaɗai."

Mode ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Ya kurɓa sau ɗaya yana kallon tsohon ludayi na zagaya sauran mutane, yana tsallake shi. Washegari babu Mode. Sabon ludayin na nan rataye a reshen tsamiya.

Ran Ɗantani ya ɓaci ƙwarai, ya shiga gida yana cewa bai taɓa ganin butulci irin wannan ba. Atika ta bar shi ya gama, sannan ta ajiye muciya.

"Malam, tunda kat tashi, wa kag ga an ware ma luddai in ba wanda mutane ka ƙyama ba? Ka kira shi gaban jama'a ka nuna mai bakinai ba shi taɓa naku. Kuma ni da nike cikin gida na ji abin da duba-gari yac ce. Kowa da nashi yac ce, har kai."

Wannan karon kunya ta kama Ɗantani, tsoro kuma ya biyo baya, don ya san halin Mode: in ya tafi bai yi magana ba, ba dawowa zai yi ba.

Ya koma Bodinga ya kwashe ludayan rumfar nan kaf, ya zarge su a igiya ya rataya a wuya, ya faɗa motar Shagari. Haka ya shiga Dandin Mahe yana tafe suna ƙwaram-ƙwaram, mata na leƙowa ko sabon mai talla ne. Ya tarar da Mode a zaure yana tufka igiya.

"Wanga na Ladan na, wanga na Isa," Ɗantani ya fara nuna ludayan sauran ma'aikata tun kafin a gama gaisuwa. "Wanga mai karkataccen baki nawa na. Doka ta, Mode, ta hau kan kowa. Kunnena ya ci amanata. Wallahi ban taɓa ƙyamarka ba, kuma ƙuguna ya kusa karewa."

Mode ya daɗe yana kallonsa, da ludaya har ƙirji. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda Ɗantani bai taɓa ji daga bakinsa ba.

"Maigida, wa ka ja maka jigo yanzu?"

"Ni."

"Albasa ta shiga uku," in ji Mode, ya tashi ya ɗauko takalmansa.

Suka ƙare wannan bazara kowa da ludayinsa, an tsaga wa kowanne alama da wuƙa, Atika na tafasa ruwa tana mitar itace. Babu wanda ya sake kwantawa a gonar, albasa kuma ta yi kai.

Da damina ta wuce Zubairu ya dawo ya ce annoba ta kau. Ran nan da aka kawo fura, Ɗantani ya tattara ludayan duka ya ajiye gefe, ya bar guda ɗaya, mai zane a mariƙi. Ya miƙa wa Mode ya fara sha, sannan ya karɓa ya juya shi, ya sa bakinsa daidai inda Mode ya sa nasa.